Yatsan Da Na'ura Ta Ƙi

Tun kafin a kira assalatu
na bar ɗakinmu na Agege,
mu shida a ciki, tabarma huɗu.
Yau babu danfo, babu hon.
Titin da ke cin mutane ya ɗauki azumi,
har yara sun kafa raga a tsakiyarsa
suna buga ƙwallo inda jiya tirela ta maƙale.

Rumfarmu tana bakin layin dogo.
Ni ne na talatin da bakwai.
A gabana Iya Bolanle mai barkono,
da lemarta da kujerar roba.
A bayana Obiora mai kayan babur
yana ta cewa aikin banza ne, an riga an rubuta.
Amma fa sabuwar riga ya sa.

Wani yaro mai jan tabarau ya biyo layi,
ya raɗa mini, "Aboki, ka san inda za ka dangwala?"
Ya ɗan buɗe bakin aljihu.
Na ce sunana Kallamu.
Shekara ashirin da uku ina sauke albasa a Mil Sha Biyu,
ina sanin nauyin buhu tun yana kan mota,
nasa bai kai in sunkuya ba.

Na yi ƙarya in na ce ban leƙa aljihun ba.
Kuɗin ɗaki ya ƙarato,
Ladingo ta kira daren jiya, wai taki ya hau.

Rana ta take na isa tebur.
Ƴar bautar ƙasa, gumi har haɓa,
ta ɗora babban yatsana a gilashi.
Shiru.
Ta goge shi da gefen rigarta, ta sake.
Shiru.
Na hagu ma haka.
Igiyar buhu ta cinye zanen,
Legas ta lashe shi sannu-sannu
yadda akuya ke gamawa da kanwa.
Layi ya fara tsaki.
Na ji kunya irin ta wanda ya yi sallama a gidan ubansa
aka ce, wane ne?

Sai ta ce in ɗaga kai.
Wannan fuskar da ake tsarewa a bakin gada
a tambaye ta daga ina,
ita na'ura ta gane.

Bayan kwalin nan babu dillali,
babu mai karɓar kuɗin ƙasa,
babu mai munshari a kafaɗata.
Tun da na zo garin nan
ban taɓa samun ɗaki ni kaɗai ba sai yau,
na minti biyu.

Na tuna kwatar da ke kwana da mu duk damina.
Na tuna Barau, da gadar tsallake titi
da aka yi alkawari bayan mun binne shi.
Na dangwala.
Ba wai na yarda da mutumin ba ne.
Albasa duk mai sa hawaye ce,
matsawa kake ka ji wadda ba ta ruɓe ta ciki ba.

Da magariba babu wanda ya tafi.
Muka haska wayoyi a kan tebur,
ana ɗaga takarda, muna ƙirgawa da baki ɗaya,
kowa da harshen da uwarsa ta ba shi.
Nawa ya faɗi. Tazarar tara.
Iya Bolanle ta taka rawa har ɗankwali ya zame,
sannan ta miƙo mini ruwan leda.
Obiora na rubuta adadi a tafin hannunsa.

Amma na ga tawa da aka ɗaga ta:
tambari sumul, babu zane, kamar ƙwan zabo.
Aka ce, sittin da ɗaya.
Ba a tsallake ta ba.

Jibi motar Aliero za ta iso da asuba.
Tawadar farcen nan, in ta daɗe, buhu ɗari.